Adireshin Aro

Wata goma sha huɗu ke nan da na kammala bautar ƙasa, kuma littafin da nake rubuta wuraren da na nemi aiki ya haura layi ɗari biyu. Ilmin kwamfuta na karanta, bayan yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye mana wata takwas cur. Abin da na iya shi ne rubuta manhaja, ko da yake a unguwarmu a Kano ba a bambance ni da masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre ba. Kowa wayarsa ta maƙale sai ya ce, "Injiniya, duba mini wannan."

Mai neman irin aikina bawan wutar lantarki ne. In an kawo ta ƙarfe biyu na dare, ƙarfe biyun zan tashi in jona kwamfuta, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareton gidanmu ya koma kujerar zama a zaure. Kuɗin data kuwa shi ne harajin da marar aiki ke biya kafin a ba shi izinin neman aikin. Da safe Umma takan leƙo ɗakina ta ce, "Yau ma shiru?" Ba da faɗa take faɗa ba, shi ya sa ta fi ciwo.

A cikin wannan hali wani abokina da muka yi aji ɗaya ya ja ni gefe a teburin mai shayi. Shekara biyu ke nan yana yi wa wani kamfanin Amurka aiki daga ɗakinsa, amma da sunan wani mutum mazaunin can. Mutumin ya ba da suna da takardu da asusun banki, abokina yana yin aikin ta cikin manhajar da ke ɓoye inda mutum yake, ƙarshen wata kowa ya ɗauki kasonsa. Ya ce akwai gurbin mutum ɗaya. Da ya ga na yi jim, sai ya ce, "Malam, wa na cuta? Aiki suka nema, aiki na ba su, kuma ba su taɓa kuka da shi ba."

Na fi mako uku ina juya wannan tambaya, kuma ba zan raina ta ba, domin tana da ƙarfi. Sau da yawa nakan karanta tallar aiki har ƙarshe, in ga duk abin da ake nema na iya, sai layin ƙarshe ya ce sai mazauna Turai ko Amurka. Wani lokaci jerin ƙasashen da ke cikin fom ɗin ma babu Nijeriya. Lambar 419, wadda asalinta sashe ne na dokar manyan laifuka da ke hukunta damfara, ta zama tambarin da ake karantawa a goshinmu tun kafin mu buɗe baki. Ban damfari kowa ba, amma ina biyan bashin waɗanda suka yi. To, wanda aka yanke wa hukunci ba a saurare shi ba, laifi ne in ya sake riga ya shiga ta wata ƙofar? Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi.

Da farko na nemi amsa a babin algus. Mun taso muna jin labarin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tir da hakan. Amma abokina yana da abin cewa: hatsinsa ba jiƙaƙƙe ba ne. Na ga aikinsa, ya fi nawa kyau. In manhaja kaɗai ake saye, babu algus a cinikinsa.

Sai dai ba ita kaɗai ake saye ba. Kamfanin da ya ɗauki mai rubuta manhaja makullan gidansa yake miƙa masa: kalmomin sirri, sunayen abokan ciniki, wani lokaci har bayanan katin kuɗinsu. Yana miƙawa ne ga mutumin da ya ga takardunsa, wanda ya san in abu ya ɓaci doka za ta iya kamo shi. A ce ka ɗauki maigadi bayan ka binciki asalinsa, sai ya riƙa tura wani da ba ka sani ba cikin rigarsa kullum dare. Ko da allura ba ta ɓace ba, ko da baƙon ya fi shi hana ido barci, ran da ka gane za ka ce an ci amanarka, kuma ka yi gaskiya. Abin da aka ɗauke maka shi ne ikon zaɓar wanda zai kwana a ƙofarka. Amincewar da ka bayar ba ga wannan mutumin ka ba da ita ba.

A nan na fahimci cewa shiru daban, ƙarya daban. Ban rubuta jihata ko addinina ko shekaruna a takardar neman aiki ba, kuma ban ga laifin hakan ba, domin babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi abin da za a damƙa mini. Ma'aunin da na tsayar wa kaina shi ne: da sun san abin da na ɓoye, za su janye hannu? In za su janye don son zuciya kawai, ba dole ba ne in miƙa musu sandar dukana. In kuwa za su janye saboda dalilin da ni ma zan janye da ni ne a kujerarsu, to ɓoyewar ta zama yaudara.

Da na auna kaina da wannan mudu, ni ma ban cika ba. Na taɓa rubuta cewa ina da gogewar shekara biyu, bayan na haɗa wata shida na horon sanin makamar aiki da shekarar bautar ƙasa, wadda rabinta buga takardu na yi a ofishin ƙaramar hukuma, na kuma cike ragowar da fatan alheri. A wata ganawa aka ce in ba da labarin matsala mafi wuya da na warware a shekaru biyun. Na ji bakina yana ƙera labari, ni kuma ina sauraro kamar baƙo. Ban sami aikin ba, ban kuma san ko sun gane ba. Na gyara layin a daren. Saboda haka tsakanina da abokina bambancin nisa ne, hanyar guda ce.

Akwai hujjar da aka saba kawowa, cewa wake ɗaya ke ɓata gari, duk wanda aka kama yana ƙara tsawon katangar da ke gaban na bayansa. Gaskiya ce, amma ina jin nauyin faɗa wa mai jin yunwa ita. Da wane ido za a ce ya kare sunan ƙasar da ba ta iya ba shi wutar awa shida a jere ba?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da tsarin ke yi wa shi kansa. Ƙaryar ba ta rana ɗaya ba ce. Kullum sai ya duba yanayin garin da yake da'awar zama, ko an yi dusar ƙanƙara, don kada a tambaye shi ya yi tuntuɓe. Kyamararsa "ta lalace" shekara biyu. Saboda suna bayanmu da awa biyar zuwa shida, taronsu na rana yakan faɗo daidai magariba ko isha'i, sai ya yi wuf ya kashe makirufo kada a ji ladanin unguwa. Ya taɓa ba ni wannan labari yana dariya, dariyar da ba ta kai ido ba. Duk yabon da ake yi wa aikinsa a kan sunan wani yake sauka. In yau ya so neman aiki da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa, takardarsa fara ce fat kamar tawa. Watan da mai sunan ya riƙe kuɗin gaba ɗaya, babu inda zai kai ƙara, domin a wurin kamfanin babu wani mutum mai kama da shi.

Saura batun larura. Malamai sun ce tana halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta. Na zauna na tambayi kaina ko ina cikinta, na tarar ina cin tuwo sau biyu a gidan mahaifina, ba a kuma taɓa yi mini gori ba. Abin da ke cina kunya ce: kunyar karɓar kuɗin adaidaita sahu daga hannun Umma ina da shekara ashirin da biyar, kunyar ƙannen da suka daina tambaya. Kunya tana da zafi, amma ban sami malamin da ya sa ta a layin yunwa ba. Abokina kuwa mahaifinsa ya rasu muna aji uku, ƙanne biyar ke kallon hannunsa. Mudun da na auna kaina da shi ban san ko zai ɗauki nasa nauyin ba, ban kuma ce masa komai ba bayan "a'a" da godiya.

Da babbar sallar da ta wuce shi ya saya wa mahaifiyarsa rago, har aka aiko mana da cinya. Ni a watan naira dubu arba'in na samu, ladan shafin intanet da na gina wa wani kantin magani, da sunana a ƙasan shafin cikin ƙananan haruffa. Na ci naman, ya kuma yi daɗi. Shekaranjiya ya sake turo saƙo cewa gurbin yana nan har ƙarshen wata. Ban amsa ba, ban kuma goge saƙon ba.