Amanar Da Ke Wuyan Lauyan Gwamnati

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da ba ya zalunci, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, malamai sun yi wa'azi mai yawa a kan alƙali da nauyin da ke kansa, har ya zama kowane ɗalibi ya san cewa alƙalai kashi uku ne, biyu a wuta ɗaya a aljanna. Amma akwai wani mutum wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa a wannan zamani manyan shari'o'in laifi ba sa isa gaban alƙali sai ta hannunsa. Wannan mutum shi ne lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara. Alƙali, kome adalcinsa, ba ya hukunci sai a kan abin da aka kawo masa. Wanda aka ƙi kai wa gabansa ya tsira ko da ɓarawo ne, wanda kuwa aka ja zuwa gabansa ya sha wuya ko da a ƙarshe za a sallame shi.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wannan muƙami ƙarfi mai yawa. Sashe na 174 ya ba Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe ƙarar da wani ya shigar, da kuma janye ta kafin a yanke hukunci, sashe na 211 kuma ya ba takwarorinsa na jihohi irin wannan iko. An gindaya musu sharaɗin su kula da maslahar jama'a, da adalci, da hana wasa da shari'a. Sai dai tun a 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta yanke cewa idan Babban Lauya ya janye ƙara kotu ba za ta tuhume shi a kan dalilinsa ba. Ga shi kuma shi ne Ministan Shari'a, shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, shi ne kuma ke iya sauke shi. Watau abin da ya rage tsakanin wannan iko da zalunci shi ne tsoron Allah da jin kunyar mutane.

To, a nan ne tambaya ta taso. Idan mai mulki ya ce wa lauyansa ya kai wane kotu domin abokin hamayya ne, ko ya bar wane domin ɗan jam'iyya ne, mene ne hukuncin Musulunci a kan lauyan? Wasu za su ce ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amsa ita ce, ladan ba na mai mulki ba ne. Albashin lauyan gwamnati daga baitulmali yake fitowa, watau dukiyar jama'a, har da harajin wanda ake son a zalunta. Saboda haka jama'a ce ta ɗauke shi aiki, mai mulki hannu ne kawai da aka naɗa shi da shi.

Alƙur'ani mai girma ya warware wannan mas'ala a cikin Suratun Nisa'i, daga aya ta 105 zuwa ta 113. Malaman tafsiri sun kawo cewa wani mutumin Madina mai suna Ɗu'umatu ɗan Ubairiƙu ya saci sulke, da ya ga asirinsa zai tonu sai ya jingina satar ga wani Bayahude. Danginsa suka taru suka je wajen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suna neman ya kare ɗan'uwansu don kada a kunyata Musulmi a gaban Yahudawa. A lissafin siyasa buƙatarsu tana da ƙarfi, domin su jama'a ne masu goyon baya, shi kuwa Bayahuden ba shi da kowa. Sai Allah Maɗaukakin Sarki ya saukar da ayoyi ya wanke Bayahuden, ya hana Manzonsa zama mai jayayya a madadin maha'inta, ya kuma bayyana cewa wanda ya aikata laifi sa'an nan ya jefa shi a kan marar laifi ya ɗauki ƙiren ƙarya da zunubi bayyananne. Imam Ƙurɗubi ya fitar da hukunci daga nan, cewa bai halatta mutum ya tsaya wa mai ƙarya a cikin husuma ba. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa wanda ya yi jayayya a kan ƙarya yana sane, ba zai gushe cikin fushin Allah ba har sai ya daina. Lauyan da ya tsaya a kotu da takardar tuhuma wadda ya san ƙage ce ya shiga cikin wannan gargaɗi, ko da kuwa wani ne ya rubuta ta ya miƙa masa.

Wannan fuska ɗaya ke nan. Fuska ta biyu ita ce ƙyale mai laifi saboda girmansa. A lokacin buɗe Makka wata mata daga Banu Makhzum, gida mai daraja a cikin Ƙuraishawa, ta yi sata. Aka nemi Usamatu ɗan Zaidu, wanda Manzon Allah ke ƙauna ƙwarai, ya je ya roƙa mata. Manzon Allah ya yi fushi, ya bayyana wa jama'a cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne barin babba idan ya yi sata da tsai da haddi a kan mai rauni, ya kuma rantse cewa ko 'yarsa Faɗima ce ba zai ɗaga mata ba. Janye ƙarar mai ƙarfi saboda siyasa, alhali talaka yana tsare shekara da shekaru yana jiran shari'a a kan akuya, shi ne ainihin ciwon da hadisin ya ambata.

Wannan ba ya nufin lauyan gwamnati ya zama mai taurin kai ga shugabanni. Allah ya yi umurni da ɗa'a ga majiɓinta al'amari, kuma gwamnati tana da ikon ta ce a ƙarfafa yaƙi da fashi, ko a sassauta a kan ƙananan laifuffuka, ko a yi sulhu inda sulhu ya fi amfani ga jama'a. Duk wannan siyasar shari'a ce, bin ta wajibi ne. Iyakar ita ce inda umurni ya bar laifi ya koma kan mutum: a kama wannan domin shi wane ne, a saki wancan domin shi wane ne. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin shugaban wata runduna da ya hura wuta ya umurci mutanensa su shiga, suka ƙi, Manzon Allah ya tabbatar da ƙin nasu, ya ce ɗa'a tana cikin abin da yake daidai ne kaɗai.

Irin wannan jarrabawa ta auku a fili a ƙasar Amurka, wadda ba ta bin shari'ar Musulunci, amma akwai abin lura a cikin labarin. A watan Yuni na 1972 aka kama mutum biyar sun fasa ofishin jam'iyyar adawa a ginin Watergate da ke Washintan. A 1973 aka naɗa Archibald Cox ya binciki al'amarin, shi kuwa ya nemi a ba shi faya-fayen maganganun da Shugaba Nikson ya naɗa a ofishinsa. Ranar Asabar 20 ga Oktoba 1973 Nikson ya umurci Babban Lauyan Gwamnati, Elliot Richardson, ya kori Cox. Richardson ya riga ya yi wa Majalisar Dattawa alkawarin ba zai kore shi ba sai da babban laifi, don haka ya ajiye aikinsa. Mataimakinsa William Ruckelshaus shi ma ya ƙi, ya bar aiki a wannan dare. Na uku, Robert Bork, shi ne ya sa hannu. Ƙin mutum biyun nan ya farkar da jama'a, aka naɗa sabon mai bincike, Kotun Ƙoli ta tilasta a miƙa faya-fayen a watan Yuli na 1974, Nikson ya sauka daga mulki ranar 9 ga Agusta. John Mitchell kuwa, wanda ya taɓa riƙe wannan muƙami na Babban Lauya ya fifita maigidansa a kan doka, an same shi da laifi a 1975, ya yi wata 19 a kurkuku.

Uzurin Bork shi ne, da kowa ya tafi da ma'aikatar shari'a ta watse. Wannan uzuri ya cancanci a auna shi, domin mutanen kirki da yawa suna kafa hujja da shi, suna cewa idan sun bar kujera mugu ne zai hau. Gaskiya ne Annabi Yusufu, alaihis salam, ya riƙe taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba, ya ceci mutane daga yunwa. Gaskiya ne kuma Imam Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci daga Halifa Mansur, ya gwammace kurkuku, har ya rasu a shekara ta 150 bayan Hijira. Abin da ya raba hali biyun shi ne iko a kan aikin hannunsa. Muddin ma'aikaci yana iya cewa a'a kuma a bar shi a kan a'ar tasa, zamansa alheri ne. Ranar da kuɗin zama ya zama sa hannu a kan zalunci, to, hujjar ta faɗi, domin mugun da yake tsoron zuwansa ya riga ya zo, da alƙalaminsa yake aiki.

Har wa yau, ba kullum jarrabawar ke zuwa da umurni bayyananne ba. Sau da yawa takan zo ne a hankali: a ce fayil ya ɓace, ko a yi ta neman ɗage shari'a har shaidu su gaji, ko a ɓoye shaidar da za ta wanke wanda ake tuhuma, ko a rubuta wa gwamnati shawarar da take son ji maimakon wadda doka ta ce. Ɓoye shaida zunubi ne da Alƙur'ani ya jingina ga zuciya a ƙarshen Suratul Baƙara. Wajibin lauya ne ya faɗi gaskiya ga maigidansa da ladabi, ya rubuta ta ya ajiye, ya ƙi abin da ya saɓa mata, ya kuma shirya wa abin da zai biyo baya, yana mai sakankancewa cewa arziki ba a hannun gwamna ko minista yake ba.

Nauyin kuma bai tsaya a kan lauya kaɗai ba. Shugaban da ya matsa wa ma'aikacinsa yana da kamasho a cikin zunubin, haka dangin da suke cika zauren lauya da dare suna roƙon a rufa wa ɗansu asiri, domin sun tsaya ne a inda dangin Ɗu'umatu suka tsaya. Jama'ar da take yi wa mai gaskiya dariya idan ya bar aiki da hannu wofi, ta kuma yi wa mai ha'inci kirari, ba ta da bakin kuka ranar da takardar tuhuma ta zo da sunan ɗanta.

Allah ya shiryi shugabanni, ya ƙarfafa zukatan masu riƙe da amanar shari'a, ya kare raunana daga zalunci. Amin.