Wanda ya ce maka "karanta wannan", shaida ya bayar

  

Ya ku ƴan'uwa, akwai wata kyakkyawar al'ada da ta daɗe tsakanin ma'abota karatu a ƙasarmu, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. In an idar da La'asar, ko tsakanin Magariba da Lisha, sai ka ga mutum uku ko huɗu sun tsaya bakin masallaci, ɗaya ya tambayi ɗan'uwansa: "Malam, me ake dubawa kwanan nan?" Shi kuwa ya ambaci littafin da ke hannunsa, ya yabe shi ko ya kushe shi. Wani ya ce a ara masa, wani ya riƙe sunan a ka don ya nema wajen masu sayar da littattafai ranar kasuwa. Da yawa daga cikin abin da muka sani, ta wannan ƙofa ya shigo mana. Babu mai musun alherin da ke cikinta, kuma Imamu Muslim ya ruwaito hadisi a kan ladan wanda ya nuna wa wani hanyar alheri.

Amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba: me mutum ya ɗora wa wuyansa sa'ad da ya ce wa ɗan'uwansa "karanta littafi kaza, yana da kyau"? Mu kan ɗauki maganar kamar gaisuwa, wadda ake faɗa a wuce. Ni kuwa a ganina shaida ce, irin wadda ake bayarwa a kan mai neman aure ko a kan abokin ciniki, kuma hukuncin shaida ne ya kamata ya hau kanta.

Dubi abin da mai sauraro zai zuba saboda kalmarka. Zai fid da jaka biyu ko uku, wataƙila kuɗin da ya so ya ƙara a kan cefane. Zai ba littafin lokacinsa, alhali manomi ko ɗan tireda ba shi da fiye da ɗan abin da ke tsakanin Asuba da fitowar rana, don haka littafi guda na iya cinye masa rabin shekara. Mafi nauyi duka, zai buɗe masa zuciyarsa, don ya amince da kai. Abin da ya shiga zuciya ta hannun amintacce ba ya fita da sauƙi, kuma ba a nan zai tsaya ba: gobe zai faɗa wa iyalinsa, jibi ya kafa hujja da shi a majalisa.

To, mutum nawa ne cikinmu suke yabon littafin da suka karanta daga bango zuwa bango? Wani gabatarwa kaɗai ya duba. Wani ya ji sunan littafin a wa'azi, sunan ya yi masa daɗi. Wani kuma abin da ya sani kawai shi ne marubucin ɗan ɓangarensu ne, wannan ya ishe shi hujja. Akwai ma wanda ke jero sunayen manyan littattafai don a ce ya yi nisa a karatu, wannan kuwa ciwonsa daban ne, maganinsa ma daban. Yanzu da littafi ke yawo cikin wayar hannu, abin ya ƙara sauƙi: mutum ya tura wa mutum hamsin littafi mai shafi 400, ya rubuta a kai cewa yana da matuƙar amfani, shi kuwa ko shafin farko bai buɗe ba.

Malaman hadisi suna da suna ga irin wannan. Idan mai ruwaya ya faɗi magana da lafazin da zai sa a zaci ya ji ta da kunnensa daga malami, alhali ta hannun wani ta iso shi, sai su ce ya yi tadlisi. Ba lalle ba ne maganar ta zama ƙarya. Aibin shi ne ya ɓoye ratar da ke tsakaninsa da ita. Wanda ya ce "littafin nan yana da kyau" da muryar wanda ya karanta, alhali ji ya yi, ya yi tadlisi ko da littafin ya kasance mai kyau ɗin ne.

A birnin Bagadaza an yi wani mai sana'ar kwafe littattafai da sayar da su, ana kiransa Ibnun Nadim. A shekara ta 377 bayan Hijira (987 Miladiyya) ya tsara littafinsa Alfihrist, inda ya jero littattafan da aka sani da Larabci a zamaninsa, cikin kashi goma, tun daga ilimin Alƙur'ani da nahawu har tarihi da falsafa da likitanci. Abin lura a wurinsa shi ne, a wurare da yawa yana bayyana cewa wannan littafi ya gan shi da idonsa, wancan ya karanta shi da rubutun hannun wane, wani kuwa labarinsa aka ba shi. Ɗan kasuwa ne, ribarsa tana cikin a yaba haja, duk da haka ya raba gani da ji. Shi ya sa har yau masu bincike ke dogara da shi a kan littattafan da suka ɓace tun da daɗewa.

Mai karatu zai iya cewa: "Malam, in haka ne ai ka rufe ƙofa. Wa ya karance Sahihul Buhari da sharhinsa kafin ya ce wa ƙanensa ya neme shi? In sai wanda ya sauke littafi ne zai ambace shi, ai bakin kowa ya mutu." Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba na son a fahimce ni da cewa a yi shiru. Littafin da al'umma ta haɗu a kan karɓarsa shekaru ɗaruruwa, shaidarsa ta riga ta tabbata, ba ya jiran taka. Wanda bai kai wannan matsayi ba kuwa, ba a hana ka ambatonsa ba, abin da ake nema kawai ka faɗi inda ka tsaya. "Na karanta babi uku, sun gamsar da ni, sauran ban kai ba." "Ban gan shi ba, amma malaminmu ya yabe shi." Kalmomi ne kaɗan, sai dai suna da nauyi a harshe, don suna rage wa mutum girman da yake so a gan shi da shi.

Magabatanmu na nan kusa ba su ji kunyar wannan ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya rubuta Ida'un Nusuhi a 1812, ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowannensu, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda Shehu ya bi har Agadas. A wurinsu sunan littafi ba ya tafiya shi kaɗai, sai tare da sunan wanda aka karanta a gabansa.

Kushe kuwa ya fi yabo haɗari, kuma a nan ne muka fi sakaci. Yabon ƙarya yana ɓata wa mutum kuɗi da lokaci. Kushen ƙarya yana toshe masa alherin da ba zai taɓa sanin ya rasa ba, sannan ya ci mutuncin marubucin da ba ya nan balle ya kare kansa. Abin mamaki, mutumin da ba zai yarda ya ce wane ɓarawo ne ba sai ya gani, shi ne zai ce littafin wane ɓata ne tsantsa, bai taɓa riƙe shi ba.

Labarin Ihya'u Ulumid Din na Imamu Gazali ya isa abin tunani. A shekara ta 503 bayan Hijira (1109), Gazali yana da rai, aka ƙone littafin a birnin Kurɗuba ta Andalus bisa umurnin sarki Aliyu ɗan Yusufu ɗan Tashfin, da fatawar malaman fiƙihu na wurin, waɗanda Malikawa ne kamar mu. Ba na cewa ba su da abin faɗa. Akwai maganganu cikin littafin da manyan malamai suka yi wa raddi, kuma akwai hadisai a ciki da ba su inganta ba. Amma wuta ba ta san bambancin shafi da shafi ba. Ta cinye babin da ake gardama a kansa, ta haɗa da babin hassada da na girman kai da na riya, waɗanda da wuya a sami mai wa'azin da bai sha daga gare su ba.

Bayan kusan shekara 300 sai Allah Ya kawo Hafizu Zainuddini Al'iraƙi, wanda ya rasu a 806 bayan Hijira (1404). Shi bai ƙone ba, bai kuma haɗiye duka ba. Zama ya yi ya bi hadisan Ihya ɗaya bayan ɗaya, yana bayyana wanda ya ruwaito kowanne, ya ce wannan ingantacce ne, wannan mai rauni ne, wannan ban samo masa asali ba. Aikin ya ci shekaru. Yau bugu da yawa na Ihya suna ɗauke da bayanin Al'iraƙi a ƙasan shafi, ta yadda mai karatu zai amfana da Gazali yana kuma sane da inda zai taka a hankali. Irin wannan ne Ibnul Munayyir, alƙali Bamalike na Iskandariyya, ya yi wa tafsirin Kashshaf na Zamakhshari: ya bar wa mutane gwanintarsa ta balaga, ya nuna musu wuraren da aƙidar Mu'utazila ta ɓuya. Ba kowa ne zai zama Al'iraƙi ba. Amma kowa na iya cewa: "Littafin nan kashi huɗu ne, fara da na uku mai maganar cututtukan zuciya, kuma kada ka ɗauki hadisi daga ciki sai ka dubi ƙasan shafi." Wannan ita ce shaidar da ta cika.

Kada a zaci maganar ta tsaya ga littattafan Larabci. Littattafan hikaya na Hausa da ake bugawa a Kano suna shigowa kasuwanninmu, matanmu da ƴaƴanmu suna karanta su, mu kuwa mun yi musu kuɗin goro da cewa duk lalata tarbiyya ne. Akwai na banza a cikinsu, babu shakka. Amma akwai irin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin magidancin da ya kori uwargidansa da ƴaƴanta saboda amarya, da abin da ya biyo bayansa. Da magidanta sun karanta shi, wataƙila da ya fi musu wani wa'azin shiga jiki. Uban da ya hana ƴarsa littafi bayan ya duba shi, ya yi aikinsa na uba. Wanda ya hana don ya ji ana faɗa, ranar da ta gane bai san abin da ke ciki ba, sauran maganarsa ma za ta yi sauƙi a kunnenta.

Akwai kuma wani sharaɗi da ba ya cikin shaidar kotu amma yana cikin wannan, wato sanin wanda kake yi wa magana. Littafi na iya zama mai kyau ya kuma cuci wanda bai kai gare shi ba. Ba a banza malaman zaure suka jera karatun fiƙihu daga Ahalari zuwa Ishmawi, zuwa Iziyya, zuwa Risala, kafin a doshi Muhtasar ba. Sai ka ga saurayi bai gama sanin abin da ke warware alwala ba, wani ya miƙa masa Bidayatul Mujtahid na Ibnu Rushdi, wataƙila don ya ga kalmar "bidaya" ya zaci na masu farawa ne, alhali farawar mai shirin ijtihadi ake nufi. Yaro ya buɗe ya tarar da saɓanin malamai a kan kowace mas'ala, ya fito ko dai cikin ruɗu, ko kuwa yana ganin limamin unguwarsu bai san kome ba. Littafin ba shi da laifi. Wanda ya miƙa ne bai dubi hannun da ya miƙa wa ba.

Duk wannan taka-tsantsan a kan harshe ne, kada ya zama hujjar rowa. Ahmadu Baba na Tambutu, wanda aka kama aka kai Marrakush a 1594 bayan mayaƙan Maroko sun ci ƙasar Songhai, kuma ya yi asarar littattafansa da ya ce sun kai 1,600, ya ba da labarin malaminsa Muhammadu Bagayogo cikin Nailul Ibtihaji. Ya ce malamin yana ba da aron littattafansa mafi tsada da wuyar samu, ba ya bin sawunsu, har ɗalibin da bai sani ba yakan zo ƙofarsa ya karɓa ya tafi, kuma littattafai da yawa sun salwanta ta haka. Wani zai ga kamar wannan ya saɓa wa abin da muka faɗa. Bai saɓa ba. Mai ba da aro dukiyarsa ya sa cikin haɗari, mai yabo ba da sani ba kuwa ta ɗan'uwansa ya sa. Mu mun juya al'amarin: yabo muna rabawa kyauta, littafin kuwa yana kulle cikin akwati, in an tambaya mu ce wani ya ara bai maido ba.

Ahmadu Baba ya ƙara da cewa wata rana ya je wurin malamin yana neman littattafan nahawu. Malam bai tsaya jero masa sunaye ba. Tashi ya yi ya shiga ɗakin littattafansa, ya bincika, ya fito masa da duk abin da ya samu a wannan fanni.

Allah Ya jiƙansu da rahama.