Titin Masu Gida, Ƙafar Baƙo

A Amurka akwai unguwannin da titunan cikinsu ba na gwamnati ba ne. Kamfanin da ya gina gidajen shi ke shimfiɗa kwalta, idan ya gama sayarwa sai ya miƙa titunan ga ƙungiyar masu gidajen. Duk wanda ya sayi gida a wurin ya zama mamba, ko yana so ko ba ya so; zai riƙa biyan kuɗin wata, zai kuma bi dokokin da aka rubuta tun kafin zuwansa. Fiye da mutum miliyan 70 ke zaune ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma da yawa daga cikin ƙungiyoyin su ke riƙe da titunan unguwarsu.

Ƙungiyar tana da iko ba kaɗan ba. Tana iya cin mutum tara don ciyawar ƙofar gidansa ta yi tsawo, ko don ya yi wa ƙofarsa fentin da ba a amince da shi ba. To idan mota ta buge yaro a wata kwana da babu fitila, babu kuma hanyar masu tafiya da ƙafa, wa za a tambaya?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce direba. Gaskiya ne, amma da saura. Wani bincike da gidauniyar AAA ta fitar a 2011 ya nuna cewa idan mota ta bugi mutum tana gudun kilomita 37 a awa, haɗarin mutuwarsa kusan kashi 10 cikin 100 ne. A kilomita 68 kuwa ya kai kashi 50. Shi kuma direba ba allon gefen titi kaɗai yake bi ba, yanayin titin yake bi. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, yana kiran gudu. Wanda ke da ikon sa tudun rage gudu, ko sare reshen da ya kare kwana, ko kafa fitila, yana da hannu a gudun da za a yi a wurin. A aikinmu na rubuta manhaja mun san wannan: tsarin da ka bar wa mutane tun farko shi akasarinsu za su bi, kuma barin sa haka ma shawara ce ka yanke.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke taka titin da wanda ke jefa ƙuri'a a kansa ba mutum ɗaya ba ne. Ƙuri'a ta mai gida ce. Ɗan haya ba shi da ita. Yaron da ke tafiya jiran motar makaranta ba shi da ita, haka mai kawo saƙo, haka matar da ke saukowa daga bas ta tako zuwa gidan da take aikin shara. Su ne jikinsu ke kan kwalta, masu yanke shawara kuma galibi a cikin mota suke wucewa.

Sai dai kada a yi wa 'yan kwamitin ƙungiyar rashin adalci. Maƙwabta ne masu aikin sa kai, ba injiniyoyin hanya ba. Kowace fitila daga aljihun maƙwabci za ta fito, har da tsohuwar da ke lallaɓa kuɗin fansho. Tudun rage gudu kuma yana rage gudun motar asibiti da ta kashe gobara. Waɗannan hujjoji ne na gaske, kuma suna iya sa a zaɓi wannan magani a bar wancan. Abin da ba sa iyawa shi ne su wanke wanda aka kai wa ƙorafi sau uku ya ajiye takardar.

Kotunan ƙasar sun taɓa zuwa kusa da wannan tambaya. A Los Angeles wata mata ta yi ta roƙon ƙungiyar rukuninsu ta ƙara haske bayan an fasa gidanta. Da ta gaji sai ta sa fitilu da kanta, kwamiti ya umarce ta ta cire don ta saɓa doka. A daren da ta kashe su aka shiga gidanta aka yi mata fyaɗe da fashi. A 1986 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa ana iya ɗora wa irin wannan ƙungiya nauyin kula da wuraren tarayya kamar yadda ake ɗora wa mai gidan haya. Ba mota ce ta cutar da ita ba, amma darasin ɗaya ne: kwamitin ya yi amfani da ikonsa wajen kare kyan gani, ya ƙi amfani da shi wajen kare mutum.

Tun 1946 ma Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Marsh da jihar Alabama, ta ce gwargwadon yadda mai dukiya ya buɗe wurinsa ga jama'a, gwargwadon haka haƙƙinsu ke taƙaita nasa. Batun 'yancin faɗar albarkacin baki ne a garin da wani kamfani ya mallaka, amma ni ina ganin hankalin maganar ya shafi titi. Unguwar da ke buƙatar mai shara da mai kawo kaya kullum ta riga ta gayyato ƙafafunsu.

Mai karatu da ya san rukunin gidaje masu geti na Abuja zai gane hoton: ana tara kuɗin masu gadi da na gyaran taransifoma ba tare da gardama mai yawa ba, domin ɓarawo da duhu kowa suke taɓawa. Hanyar masu tafiya da ƙafa kuwa ba kasafai take shiga ajandar taro ba, don mai aikin gidan da ke bin gefen kwata da asuba ba ya cikin zauren WhatsApp na masu gida.