Laƙabin Mace Tsakanin Ladabi da Shaida

Laƙubban da ake kiran mata da su a ƙasar Hausa ba tushensu ɗaya ba, domin akwai waɗanda mace take samu ta dalilin wani, kamar Uwargida da Amarya da ke nuna matsayinta a gidan miji, ko Mai Babban Ɗaki da ake kiran mahaifiyar sarkin Kano, akwai kuma waɗanda take samu da aikin kanta, irin su Malama da Hajiya. Tambayar da ta shafi addini ita ce ko laƙabi ladabi ne kawai na harshe, ko kuwa shaida ce da mai kira yake bayarwa, wadda ya wajaba ta zama gaskiya.

Shari'a ta buɗe ƙofar ladabi sosai. Aya ta 6 a Suratul Ahzab ta sanya matan Annabi (SAW) a matsayin uwayen muminai, aya ta 11 a Suratul Hujurat kuma ta hana jifan juna da miyagun laƙubba. Nana A'isha ma an yi mata alkunya, wato kiran mutum da uban wane ko uwar wane, da Ummu Abdullahi duk da ba ta haihu ba, saboda Abdullahi ɗan Zubairu, ɗan yayarta Asma'u. Don haka Bahaushen da ya kira matar da ba ta samu haihuwa ba da Maman wane, da sunan ɗan riƙonta, bai yi ƙarya ba, ya dai rufa mata asiri a cikin jama'ar da gorin haihuwa bai ƙare a bakinta ba.

Hajiya kuwa lamarinta daban ne, tunda tana ambaton rukuni ne daga rukunan Musulunci, wanda a da ake cim masa bayan shekaru ana ratsa Chadi da Sudan a ƙasa kafin a haye Bahar Maliya. A yau ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ya hango leshi mai tsada da warwaron gwal sai ya ce Hajiya, alhali tsohuwar da ta tara kuɗin ƙosai a adashi har ta sauke farali tana nan Iya a bakinsa. Laƙabin ya koma auna dukiya, kuma matar da ke fushi idan an tsallake mata shi ta kusanci riya, wato yin ibada don idon mutane.

A fannin laƙabin ilimi kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta naɗa mace jaji, wato jagorar ƙungiyar 'yan taru, sai wadda ta amince da iliminta da halinta, sannan ta ɗora mata malfa. Laƙabin zumunci yana ɗaukar sassauci, amma wanda ke da'awar ibada ko ilimi bai kamata a ba wadda ba ta yi aikinsa ba.