Mai Ajiye Hatsi: Ɗan Kasuwa Ne Ko Azzalumi?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata gardama a ƙasar Gumel wadda ba ta mutuwa, sai dai ta yi barci da kaka ta farka da damina. Daga watan Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gero da dawa da wake suka cika kasuwannin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wasu masu hali sukan sayi buhu ɗari ko fiye, su zuba a sito su garƙame. Ba mai ce musu uffan, hasali ma manomi murna yake yi ya sami mai saye. Amma in aka shiga Yuli da Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, tiya ta yi tsada, sai a fara nuna su da baki ana cewa ga masu ɓoye abinci nan, Allah ya isa. To, mutumin nan da aka gode wa da kaka aka kuma tsine masa da damina, alhali kuwa aiki guda ya yi, a wane matsayi za mu ajiye shi?

Tambayar ba sabuwa ba ce, kuma ba mu muka fara yin ta ba. Gumel tun asali garin ciniki ne. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ta nan a 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne cinikin kanwa. Masarautar kuwa a lokacin tana bin Barno, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, amma littattafan da malamanta suke karantawa su ne dai na Malikiyya da ake karantawa a Kano da Kukawa. Waɗannan littattafai sun gaji muhawarar da aka yi a Ƙairawan da Bagadaza da Alƙahira shekaru aru-aru da suka wuce, don haka ya kamata mu ji abin da mutanen can suka ce kafin mu yanke namu hukunci.

Malaman fiƙihu sun tarar da hadisai biyu a gabansu waɗanda kamar suna jan su gabas da yamma. Ɗaya ya nuna mai ɓoye abinci mai laifi ne. Ɗayan kuwa ya nuna cewa da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, sai ya ƙi, don gudun kada a zalunci wani a cikin dukiyarsa. Watau mai saye yana da haƙƙi, mai sayarwa ma yana da nasa. Abin da Malikiyya suka yi shi ne suka rataya hukuncin a kan cutarwa. Wanda ya ajiye abin da ya noma a gonarsa ba a kiransa mai ɓoyewa. Wanda ya sayi hatsi lokacin yalwa ba tare da ya ƙuntata wa kasuwa ba, babu laifi a kansa. Amma in yunwa ta shigo, mutane na nema ba su samu, to hukuma tana da ikon ta tilasta masa ya fito da shi. Wani malami mai suna Yahaya bin Umar, wanda ya rasu a Susa ta ƙasar Tunisiya wajen 901, ya yi littafi musamman a kan hukunce-hukuncen kasuwa, ya ce a sayar da hatsin masu ɓoyewa, a ba su uwar kuɗinsu, ribar kuwa a yi sadaka da ita don ladabtarwa. Duba, bai ce a ƙwace ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya taɓo wani wuri da alƙali ba ya iya kaiwa. Ya yarda cewa ajiya a lokacin yalwa ba ta cutar da kowa, amma ya lura cewa mai ajiyar nan jira yake yi, kuma abin da yake jira shi ne tsada, watau wahalar jama'a. Wannan magana ta tsaya mini a rai ƙwarai. Ka ɗauki mutum biyu a gari guda, hadari ya haɗu a gabas a tsakiyar watan Yuli bayan kwana ashirin ba ruwa. Manomi ya ɗaga kai yana addu'a ya sauko. Mai sito fa, me zuciyarsa take cewa? Ba lalle ne ya zama mugu ba, amma ya sa dukiyarsa a inda ribarsa take tare da hasarar maƙwabcinsa, kuma zuciya ba ta daɗewa tana gaba da aljihu. Ibn Haldun ma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ce ribar ɓoye hatsi ba ta yin albarka, domin masu saye dole ce ta sa su bayar da kuɗin, sai ransu ya bi kuɗin nan. A wajensa cinikin da mai yunwa ya yi bai cika sharaɗin yarda ba, ko da ya miƙa kuɗin da hannunsa.

Amma fa kada mu yi saurin jifa. Gero sau ɗaya ake girbe shi a shekara, ci kuwa kullum ne. Dole wani ya ɗauki hatsin nan daga kaka ya kai shi damina. In aka ce kada kowa ya saya ya ajiye, farashi da kaka zai faɗi ƙasa warwas, manomin da muke tausayi shi zai fara kuka, sa'an nan hatsin ya bi motoci ya tafi wani wuri, Agusta ta zo ba ko na tsadar. Mai ajiya kuma yana ɗaukar kasada: ga ƙwari, ga gara, ga ɓera, ga kuɗinsa a kwance wata takwas. Ba kullum yake cin riba ba. A 2025 farashin hatsi ya faɗi a kasuwannin Arewa, da yawa daga waɗanda suka saya da tsada suka sayar da hasara, ban kuwa ji an yi musu jaje a masallaci ba. Annabi Yusufu ma, alaihis salam, ajiya ya yi ta shekara bakwai, da ita kuwa Masar ta tsira. Shi kansa Ibn Haldun ya ce ɗaya daga cikin dalilan yunwa a ƙarshen dauloli shi ne mutane su daina noma da tanadin hatsi saboda zaluncin masu mulki.

To, me zai hana hukuma ta ɗauki sanda ta daidaita kowa? An taɓa gwadawa, kuma ba wanda ya gwada da ƙarfi kamar Sarki Ala'uddini Halji na Delhi, wanda ya yi mulki daga 1296 zuwa 1316. Marubucin tarihi Barani ya ba da labarinsa filla-filla. Sarkin ya yanka wa alkama da sha'ir da shinkafa farashi, ya naɗa wani Malik Ƙabul ya kula da kasuwar hatsi. Ya cika rumbunan gwamnati da hatsin haraji. Ya tara fataken hatsi ya zaunar da su da iyalansu a bakin kogin Yamuna, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa. Ya hana kowa ajiye abin da ya wuce bukatarsa. Yakan aiki yara su sayo kaya a auna a gabansa, in an sami tauye mudu a yanki naman ɗan kasuwar daidai nauyin abin da ya rage. Aka ce ko a shekarar ƙarancin ruwa farashi bai motsa ba a Delhi. Mai karatu zai ce madalla, ina ma a samo mana irinsa a Maigatari. Amma a tambaya, wa ya biya? Harajin da ya ɗora wa manoma rabin amfanin gona ne, ragowar kuma a tilasta musu su sayar a bakin gona a kan farashin sarki. Barani ya ce dalilin dukan wannan shi ne sarki yana son riƙe runduna mai yawa da ƙaramin albashi don tsoron mayaƙan Mongol, waɗanda suka kewaye Delhi a 1303. Watau arhar da soja da ɗan birni suka ci, daga bakin ɗan ƙauye aka ciro ta. Da sarkin ya rasu ɗansa Mubarak Shah ya saki dokokin, farashi ya koma inda ya ga dama. Mu da iyayenmu manoma ne ya kamata mu yi hattara da irin wannan adalci, domin a labarin nan mu ne mutanen bakin gona.

Na tuna da wannan a watan Fabrairun 2024, lokacin da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Jama'a sun yi ta tafi, kuma mai yiwuwa a cikin masu siton akwai waɗanda suka cancanta. Sai dai tsadar wannan shekara ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, waɗannan kuwa ba a sito aka ƙulla su ba. Maƙrizi, wanda ya taɓa riƙe muƙamin mai hisba a Alƙahira, ya ga irin wannan. Da yunwa ta auka wa Masar ya rubuta littafi a 1405, ya ce kada a ɗora wa kogin Nilu laifi duka. Ya kawo dalili uku: sayen muƙamai da rashawa, tsauwala wa manoma kuɗin hayar gona, da cika gari da kuɗin tagulla marasa daraja. Ga mutumin da aikinsa shi ne kama masu tauye mudu, amma da aka zo neman mai laifi sai ya nuna fada.

Akwai kuma wata tambaya da muke tsallakewa. Wa yake sayar wa mai sito da kaka? Wa kuma yake saye a hannunsa da damina? Sau da yawa mutum guda ne. Manomi ya san hatsi zai yi tsada, ba wawa ba ne, amma bashi na wuyansa. A zamanin Turawa haraji ne da ake biya da tsabar kuɗi daidai lokacin girbi. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, lokacin Gumel tana cikin Jihar Kano, amma wasu masu bin bashin sun maye gurbin: kuɗin taki, kuɗin magani, auren 'ya, da buhun da aka ranto da damina za a biya da ƙari. Mai sito bai ƙirƙiri wannan rauni ba, ya dai same shi ya zauna a kai.

A nan ne wani misali daga ƙasar Sin ya fi burge ni. Bayan wata yunwa a 1168, malamin nan Ju Shi ya nemi hatsi daga hukuma ya raba wa mutanen yankinsu a lardin Fujiyan, suka kuwa biya da kaka. Daga nan ya kafa rumbun gari a 1171, dattawan wurin suke kula da shi, a ranta wa manomi lokacin da abinci ya yanke, ya mayar bayan girbi. Da farko akwai ƙarin kashi 20 cikin ɗari, wanda shari'armu ba za ta karɓa ba, shi ma daga baya da rumbun ya tsaya da ƙafarsa an daina karɓa. A 1181 sarki ya yarda a yaɗa tsarin, ko da yake a wurare da dama masu riƙon rumbun sun ci amana. Mu ma muna da kayan aikin. Zakkar hatsi ɗaya cikin goma ce ga abin da ruwan sama ya shayar, kuma da za a tara ta a gari a riƙe wa mabukata har lokacin da suka fi bukata, in malamai sun ga hanyar yin haka, da mai sito ya sami abokin gasa.

Ra'ayina dai shi ne, wanda ya saya da kaka bai yi zalunci ba, kuma ribarsa halal ce matuƙar ƙofar sitonsa tana buɗewa lokacin da ake bukata. Yana zama azzalumi ranar da ya ga mutane na cin tafasa da rama ba gari, ya ce a ƙara jira mako biyu, ko ya haɗa baki da 'yan'uwansa kada kowa ya fitar. A wannan rana hukuncin Yahaya bin Umar ya hau kansa, ban kuwa ga abin da za a rage a ciki ba. Hukumar da ba ta tanadi rumbu ko ɗaya ba kuwa, in ta zo fasa na wani, sai ta zo da kunya.

Saura wuri guda da na ga malaman da ba su warware mana ba, domin ba su san iyaka irin tamu ba. Ranar Alhamis a Maigatari mutanen Dungas da Magarya sukan kawo shanu da raƙuma su koma da hatsi. Duk lokacin da tsada ta zo sai a ji masu cewa a hana fitar da abinci. An rufe iyakar a watan Agustan 2019 aka buɗe a Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. In mun ce laifin mai sito shi ne hana mai yunwa hatsi don amfanin kansa, to ƙasar da ta tare buhu a bakin iyaka don farashi ya sauka a gida, me ta yi? Za a ce na gida ya fi cancanta, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma Tumbi, inda sarakunan Gumel suka zauna kafin su dawo garin Gumel, yau tana cikin Nijar, kuma akwai gidaje da yawa a Maigatari da 'yarsu take aure a hayin can.