Rawanin Soro da Hular Kwano

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8, Romawa 13:1-5

Akwai wata doka a cikin Shari'ar Musa wadda ba kasafai ake wa'azi a kanta ba. An umarci Isra'ilawa cewa duk wanda ya gina sabon gida sai ya yi wa rufinsa rawani, wato 'yar katangar nan da magina suke zagaye kan soro da ita. Rufin gidajensu shimfiɗaɗɗe ne kamar na sorayenmu. A can ake shan iska, a yi shanya, a kwana lokacin zafi. Dalilin dokar kuwa shi ne kada wani ya faɗo ya mutu, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Mai gidan bai tura kowa ba, bai kuma ƙulla mugunta a zuciyarsa ba. Bakin soro kawai ya bari a buɗe, amma Allah ya lasafta masa.

Tambayar da wannan doka take yi mana ita ce: ashe mutum yana da alhaki a kan ɓarnar da bai nufa ba? Babu inda tambayar ta fi matsa mana kamar a titunan biranenmu. Wanda ya taɓa tsayawa a wani shataletale na Kano ko Kaduna ko Jos da yamma ya san yadda abin yake: babura da a-daidaita-sahu suna kutsawa ta kowace kafa, wannan ya bi hannun da ba nasa ba, wancan ya ƙetare danja, wani ya goyo mace da 'ya'ya uku da buhun masara. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Shi ne kuma kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Kusan dukan waɗannan rayuka, ba wanda ya tashi da safe da niyyar ɗauke su.

Idan haɗari ya auku, bakinmu yakan yi saurin cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A gidan makoki wannan magana tana sanyaya zuciya, gama gaskiya ne kwanakinmu a hannun Ubangiji suke. Amma a bakin wanda ya san birkinsa ya lalace tun makon jiya, maganar ta zama mafaka ta guje wa tuba. Ikon Allah a kan rai bai taɓa sauke wa mutum nauyin da Allah da kansa ya ɗora masa ba. Sa'ad da Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, har da jawo masa alkawarin tsaron mala'iku, Ubangijinmu ya ƙi, ya nuna cewa wannan gwada Allah ne. Wanda ya manna ayar Zabura a jikin baburinsa, sa'an nan ya shiga cunkoso da gudun wuce sa'a, ya karɓi shawarar da Almasihu ya ƙi. Hukumar nan ta lafiya ta nuna cewa idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa tana gudun kilomita 65 a awa, hatsarin mutuwarsa ya ninka na gudun kilomita 50 sau huɗu da rabi. Wannan bambanci na kilomita 15 a hannun matuƙi yake.

Dokar hanya ita ce rawanin soronmu na yau. Amma ana iya gina rawani na ƙarya. A ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa masu babur sa hular kwano. Cikin 'yan kwanaki aka ga wasu 'yan acaba a Kano sun kifa ƙwarya a ka, sun ɗaure ta da igiya. Duniya ta yi dariya, amma akwai wa'azi a cikin ƙwaryar nan. Tana iya ruɗin idon jami'i daga nesa, ba ta iya ruɗin kwalta. Manzo Bulus ya ba da dalili biyu na biyayya ga hukuma, tsoron hukunci da kuma lamiri. Mai ƙwarya ya riƙe na farko, ya yar da na biyu. Haka yake ga duk wanda yake tsayawa a danja don ya hango jami'i, ya kuma wuce idan dare ya yi ba kowa.

Ƙara ma tana cikin wannan lissafi, ko da yake ba ta zub da jini. Saurayin da ya fasa salansar baburinsa don a ji tahowarsa, da masu wasan ganganci da babura a ranar ɗaurin aure, suna ɗaukar abin da ba nasu ba: barcin jaririn da aka sha wuya kafin ya kwanta, hutun majinyaci, natsuwar ɗalibi, da kwanciyar hankalin tsohuwar da take neman tsallaka titi. Littafin Karin Magana (27:14) ya nuna cewa ko gaisuwar albarka ce, in aka yi ta da ihu da sassafe, maƙwabci yakan ɗauke ta la'ana. In haka ne ga albarka, ina ga rurin inji da tsakar dare?

Kada mu ɗora laifin duka a kan ɗan acaba. Sau da yawa matashi ne da bai sami wani aiki ba, baburin ma ba nasa ba ne, kuma kafin ya ci abinci sai ya haɗa kuɗin balas na mai shi. Shari'ar Musa ta yi magana a kan sa mai tunkuyi (Fitowa 21:28-29): in an gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, har ya kashe mutum, mai san ma yana da alhaki. Ɗan'uwa da ka saya wa yaro babur, ka yanka masa balas ɗin da ba zai samu ba sai da gudu, ka kuma ƙi gyara birki, san ka ne yake yawo a gari. Fasinjan da yake cewa a ƙara wuta don ya makara zuwa sujada, shi ma ya sa hannu. Haka kwamitin da ya cusa mutum talatin a motar mutum goma sha takwas don zuwa taron ikilisiya.

Hukuma tana da nata rabo. Abuja ta hana acaba a tsakiyar birni a 2006, Kano ta hana a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Baburan haya sun ragu, a-daidaita-sahu ya cika gurbinsu, gaggawa da kutse kuwa suka sauya abin hawa kawai. Doka tana iya kawar da inji daga titi, amma hali sai an gyara shi daga zuciya, kuma doka ba ta da ƙarfi sai mai riƙe da ita ya zama mai gaskiya. Da sojoji da masu karɓar haraji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, bai ce su bar aikinsu ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi da karɓar abin da ya wuce ƙa'ida, ya ce albashinsu ya ishe su. Jami'in da ya karɓi na goro ya saki babur marar birki ya sayar da ran wanda bai sani ba a kan kuɗin shayi. Mai miƙa kuɗin kuma kada ya wanke kansa, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ƙaunatattu, mai tsaron hasumiyar Yezreyel ya gane Yehu tun daga nesa saboda haukan tuƙinsa (2 Sarakuna 9:20). Mu ma ana gane mu a titi kafin a san sunanmu. Maƙwabcin da aka umarce mu mu ƙaunace shi kamar kanmu, shi ne yaron nan mai tallan ruwa a bakin kwalta, da makahon da ake ja a mahaɗar hanya. A gyara birki da fitila kafin a fita, a mayar da salansa, a sayi hular kwano ta gaske har da ta wanda za a goya, a tashi da wuri don kada a bukaci gudu. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Addu'a: Ya Ubangiji, Mai ba da rai, ka gafarta mana sakacin da muka kira ƙaddara. Ka ba matuƙanmu haƙuri, ka ba jami'anmu gaskiya, ka ta'azantar da gidajen da hanya ta raba da nasu. Ka tsare hannuwanmu daga alhakin jini. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.