Karen Wane Ne Ranar da Ya Yi Cizo?

Duk wanda ya daɗe a Sabo ya san wannan. Kare yana da ubangida ranar da aka sace shi ko mota ta take shi, amma ranar da ya ciji ɗan wani sai ya zama maraya. Ka bi layi gida-gida kana tambaya, wannan ya ce ba nasa ba ne, ya dai saba zuba masa ragowar abinci, wancan ya ce ai na wani ɗan haya ne da ya tashi tun bara. Yaro yana can yana kuka, uban yana lissafin kuɗin allura. Abin da muke so mu tattauna a wannan fitowa shi ne: mutum yana ɗaukar alhakin ɓarnar da bai yi da hannunsa ba, bai kuma yi nufinta ba? In yana ɗauka, daga yaushe?

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda yawancinmu ba ma ajiye kare a gida. To, ai shi ya sa ya zama da ruwanmu. Neman abinci ne ke kai mutanenmu ƙofar gidajen da ke da karnuka a faɗin Ibadan: mai ruwa da kurarsa, ɗan jari-bola, shushaina, mai yankan farce. Ga kuma maigadi, wanda ake ba umarnin ya saki karnuka da daddare ya ɗaure su da asuba. Shi ne na farko da za su ciza, shi ne kuma na farko da za a nuna wa yatsa in sun ciji baƙo.

Doka ba ta yi shiru ba, mu ne ba mu cika jin ta ba. Tun 1943, zamanin Turawa, akwai Dokar Karnuka a ƙasar nan, wadda aka yi musamman saboda ciwon haukan kare. Ta yi maganar lasisi, da kama karen da ke yawo sakaka, da sanar da hukuma idan ana zargin kare ya kamu da ciwon. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa kula da ajiye dabbobin gida da yawonsu cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Sannan sashe na 304 na dokar manyan laifuka da ake aiki da ita a nan Kudu ya ɗora wa duk wanda ke riƙe da abin da zai iya cutar da rai ko lafiyar mutane, mai rai ne ko marar rai, nauyin yin taka-tsantsan da shi. A lura, wanda ke riƙe da abin aka ce, ba sai mai shi kaɗai ba, don haka maigadi ma yana iya shiga ciki. Gaskiya ne da wuya ka ga kare da lambar lasisi a wuya a unguwannin nan. Amma rashin ganin ɗan sanda a titi bai taɓa halatta gudun wuce sa'a ba.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne wajen diyya. A ƙa'idar da kotunanmu suka gada daga Ingila, an raba dabbobi gida biyu. Wanda ya ajiye na dawa, kamar zaki ko kura, duk ɓarnar da ta yi tasa ce, babu wani uzuri. Kare kuwa dabbar gida ce, saboda haka abin da alƙali zai fara nema shi ne ko mai shi ya san yana da halin cizo. Akwai wata shari'a ta 1965 da ɗaliban lauya ke karantawa har gobe: kare ya ciji mutum, sai aka gano ya taɓa cizon wata 'yar aiki, kuma an gaya wa matar gidan. Kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne, ta ɗora masa alhaki. Ko ba a tabbatar da sanin ba, ana iya bin mutum ta hanyar sakaci, misali ya bar ƙofa a buɗe alhali ya san yara na wasa a waje.

Wanda ya zauna gaban malami a zaure zai ji wannan bai zama masa baƙo ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar kare mai cizo tun da daɗewa. Wanda ya ajiye shi inda aka yarda a ajiye, don kiwo ko gona ko farauta, lamuni yana hawa kansa ne bayan an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba. Wanda ya ajiye shi ba bisa dalilin da aka yarda da shi ba, ba ya buƙatar wani gargaɗi. Hanya biyu ke nan da ba su fito daga gari ɗaya ba, amma suka haɗu a kan abu guda: alhaki yana bin sani. A ganinmu haka ne daidai. Ba a kama mutum da laifin abin da ba yadda za a yi ya hango shi. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wanda ya sayo ƙaton kare don ya tsorata ɓarawo ba zai ce bai san yana da haƙori ba.

To, in alhaki yana bin sani, wa zai sanar? Nan ne maganar ta dawo kan wanda aka ciza. Sau nawa muka ji kare ya yagi ƙafar mai ruwa, maigidan ya miƙo masa 'yan kuɗi, shi kuma ya ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba, ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da tura kura? Haƙuri ne, kuma ba mu raina haƙuri ba. Haƙƙinsa ne, yana da ikon ya yafe. Sai dai akwai abin da ba nasa ba ne da ya yafe tare da nasa. Cizon nan da aka binne shi ne gargaɗin da doka ke nema. Ranar da karen ya kama yarinya 'yar shekara biyar, maigidan zai tsaya gaban alƙali ya rantse karensa bai taɓa taɓa kowa ba, kuma babu mai ƙaryata shi. Yafiya daban, ɓoyewa daban. Kana iya cewa ba ka son ko kwabo, amma ka tabbatar an faɗa gaban shaidu.

Mun san abin da dattawa za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za su ce zaman baƙunta sai da kawar da kai, za su tuna mana cewa rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 daga ɗan ƙaramin saɓani ya faro, aka yi asarar rayuka da dukiya. Babu mai hankalin da zai so a tayar da unguwa saboda kare. Amma abin da ke tayar da unguwa shi ne ɓacin ran da aka tara ba a faɗa ba, sai wata rana samari su ɗauki sanduna su nufi gidan mutum. Hanyar da muke nufi mai sanyi ce: a kai magana fadar Sarki, Sarki ya aika wa shugaban masu gidaje na waccan unguwa, a rubuta rana da gida, a ajiye. Maƙwabtanmu Yarabawa ma ba son cizon suke yi ba. 'Ya'yansu ne suka fi kusa da karnukan.

Masu zuba guba a nama su jefa ta katanga kuwa, ba mu da abin ce musu sai su bari. Zaluntar dabba laifi ne a sashe na 495 na waccan doka, kare dukiyar wani ce, kuma guba ba ta san kare ba, kaza da akuya ma suna ci. Af, tunda an ambaci akuya, tumakin da ake saki suna cinye wa mutane kayan miya a bakin titi, su ma ƙa'idar nan ɗaya ce ke kansu. Laifi tudu ne.

Abin da ya sa cizon kare ya wuce maganar rauni shi ne ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, sai dai addu'a. Kafin nan kuwa ana tsira: a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a fara allurai. Nan ma akwai nauyi a kan mai kare wanda ya fi kuɗi. Ya fito da katin rigakafin karen, ya tsare shi kwana 10 likitan dabbobi ya sa masa ido. Wanda ya ɓatar da karensa da daddare don kada a kama shi da laifi ya ɓatar da shaidar da likita ke buƙata.

Saura karen da da gaske ba shi da kowa, wanda ke kwana ƙarƙashin teburin mai shayi, yana rayuwa da ƙashin mai tsire. Ciyar da shi alheri ne, addininmu ma ya nuna akwai lada a shayar da kare mai ƙishi. Amma wanda ya ciyar da shi shekara biyu har yana bin sa gida, bai kamata ya ce bai san shi ba. Masana sun ce sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi kafin ciwon ya daina yawo a tsakaninsu, kuma irin waɗannan na cikin lissafin. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon a duniya, lokacin da likitocin dabbobi kan yi gangamin rigakafi, ga kuma asibitin dabbobi nan Mokola, ba nisa. Karen mai shayi dai ba zai kai kansa ba.